Amsa: fenti yana ɓarewa daga jikin ganye, ganyen kuma yana nannaɗewa

Malama, kin ce kin shafa fenti a ganyen mangwaro, bayan kwana biyu ya nannaɗe, fentin ya ɓare. Ɗanye kika yi wa fenti. Ruwan cikinsa yana fita, ganyen yana tsukewa, fentin kuma ba ya tsukewa tare da shi. Iskar hunturun Damagaram ta ƙarasa aikin.

Ki goge ƙurar da ɗanyen tsumma, ki sa ganyen tsakanin jaridu, ki ɗora abu mai nauyi. Ki canja takardar bayan kwana 2, ki bar shi mako 1 zuwa 2. Kada ki shanya a rana, karyewa zai yi. In kina son ya zauna da laushi, ki jiƙa shi kwana 4 cikin gilisarin kashi 1, ruwa kashi 2, sannan ki goge shi sosai, don fenti ba ya kama maiƙo.

Ganyen kalgo da na gamji sun fi, saboda kauri. Na dogon yaro ɓata fenti ne kawai.

Fentin akirilik za ki nema, ba na ruwa irin na 'yan makaranta ba, wanda ke taruwa ɗigo-ɗigo a kan santsin ganye. Ki fara shafa fari siriri, ki jira minti 20, sannan launi. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, shi ne ke tsagewa. Bayan ganyen ya fi gabansa kama fenti, jijiyoyin ma sun fi fitowa. Ya kwana ya bushe, ki rufe shi gaba da baya da farin gam na kafinta da aka sirka da ruwa.