Ba bakin danda ba ne, hannunka ne

Ka ce dokinka danda yana fizge maka kai duk sanda ka sake shi sukuwa, kuma samarin da kuke fita kilisa tare sun ce ka nemi linzami mai kaifi. Ajiye tsintsiyar nan ka zauna, yaro. Da yadda ake ɗaure majayi ka tambaye ni, da ban tanka maka ba. Wanda ya yi wata uku a barga bai iya wannan ba, gara ya koma tallan goro. Amma zancen linzamin nan ya fama mini tsohon miki.

Na yi wani doki kili, ba ka tarar da shi ba. Yana ɗan shekara 2 na sayo shi wajen Gure, jikka 300 har da la'adar dillali, lokacin da jikka take jikka. Shekara 3 ina gyaran bakinsa. Kullum bayan asuba mu kama hanyar Mirya, mu juyo kafin rana ta buɗe. Har ta kai in na gyara zama na matse cinya sai ya tsaya cak, linzami na lilo a wuyansa. Ranar hawan salla in muka zo jafi ƙofar fadar Sarkin Damagaram, yakan yi zamiya ƙura ta tashi, ni kuwa yatsa biyu kawai na sa.

Ana saura kwana biyu babbar salla sai ga wani attajiri na Zango, wai ɗansa ya dawo daga karatu yana son ya hau. Na ƙi. Ya haɗa ni da manyan da ba na iya kallon idonsu in ce a'a. Na ce to, sharaɗi ɗaya: da linzamina za a hau shi. Ya dafa ƙirji ya ce kamar yana hannuna. Ashe da dare abokan yaron sun cire nawa, sun sa irin mai zoben nan da dogon harshe. Ka san aikinsa: zoben ya kama haɓa, harshen ƙarfen ya daki ganɗa. A hannun gwani taɓawa kawai ake yi. Shi kuwa yaron da linzamin yake riƙe kansa don kada ya faɗo, wuni guda yana rataye a bakin dabba.

Bayan magariba aka jawo mini shi. Kumfar bakinsa ja wur, jini ya bushe a ƙirjinsa, harshe ya tsage kusan rabi. Na kai hannu in shafa goshinsa, dokin da yake cin ƙanzo a tafina, sai ya ja da baya yana rawar jiki. Wallahi daren nan ban runtsa ba. Na kira likitan dabbobi, na yi kwana 40 ina wanke bakin da ruwan gishiri, ina jiƙa masa dusa don ba ya iya tauna harawa. Naman ya warke, amma da ya ji ƙarfe a baki sai taɓarya. Jikka 120 na rabu da shi. Alhajin kuwa jikka 10 ya aiko da ƙullin goro, da saƙon wai dabba ce, ƙaddara ce. Har yau in mun haɗu a kasuwar Dole yana miƙo mini hannu, ina ba shi don Allah, ba don na manta ba.

Shi ne ku 'yan yanzu za ku zo kuna ce mini a ƙara ƙarfe! Garin nan da Sarki Tanimun ya zagaye da ganuwa, da doki aka tsare shi, mutane sanye da lifidi, hannu ɗaya da mashi. Da me kake tsammani suke juya dokin? Ku ba ku iya zama ba kun fara neman zamiya, ɗaya na sukuwa, biyar na bin sa a babur da salula ana ɗauka.

Buɗe bakin danda ka duba, in gefen turamen haƙoransa ya yi kaifi yana yankar kumatu, a kira likita ya goge. Ɗaga zubuka ka shafa gadon bayansa ko akwai kumburi. In babu ko ɗaya, kai ne. Cire kaimi. Rataye likkafa, ka hau babu ita har cinyarka ta koyi riƙo. Hannu ƙasa, daf da sirdi. Ka ja kaɗan, da ya amsa ka saki nan take, don da sakin yake gane ya yi daidai.

In kun fita kilisa kuma, bar sahun samari, bi bayan dattawan, ka zuba ido a hannunsu. Su ne ma za su sa ka cikin masu haɗa kuɗi a sayi harawa da kaka tun tana da araha.

Gobe bayan asuba ka fito da danda, da ragama kawai. Salular ka bar ta a ɗaki.