Littafin da na saya ta intanet, nawa ne kuwa?

Tambaya: Malam, ta intanet nake sayen littattafai in sauke a waya, amma ina fargabar wata rana su ɓace. Ba gara a riƙa sayar da su a faifan CD ko filashi ba?

Amsa: 'Yar'uwa, kina da gaskiya. Galibi izinin karantawa kika saya, makullin yana hannun kamfani. A 2019 Microsoft ya rufe shagon littattafansa, waɗanda mutane suka saya suka daina buɗewa, sai kuɗinsu aka mayar musu. Abin ya dame ni ƙwarai. Amma ban ga alamar faifai zai dawo ba. Sabuwar kwamfutata ko wurin sa CD ba ta da shi, filashi kuwa yakan lalace ba sallama. Ni yanzu EPUB (wani nau'in fayil ɗin littafi) marar kulle nake saya, in ajiye kwafi biyu a wurare daban.