Filin Tambaya da Amsa: Sabuwar ƙa'idar akanta ta fito, ta ina kamfani zai fara?

Tambaya: Malam, ina aiki a sashen akanta na wani kamfani. An ce mana ƙa'idar IFRS 18 za ta fara aiki a 2027, manajanmu kuma ya ce da sauran lokaci. Haka ne? In ba haka ba ne, ta ina ake farawa?

Amsa: Ɗan'uwa, lokacin bai kai yadda manajanku yake zato ba. Hukumar IASB da ke Landan, mai tsara ƙa'idojin akanta na ƙasa da ƙasa, ta fitar da IFRS 18 a Afrilun 2024 domin ta maye gurbin IAS 1, tsohuwar ƙa'idar tsara rahoton kuɗi, kuma aiki da ita ya wajaba a shekarar lissafin da ta fara daga 1 ga Janairun 2027. Sai dai rahoton kuɗi ba ya fita da shekara ɗaya tilo. Kowane layi yana ɗauke da alƙaluman bara a gefensa, ƙa'idar kuma ta ce a sake tsara na 2026 ɗin, a nuna yadda kowane tsohon layi ya koma sabo. Ke nan duk abin da aka shigar a littattafai tun Janairun 2026 ya shiga cikin aikin.

Ribar ƙarshe ba za ta canza ba, tsarin nuna ta ne zai canza. Za a raba shiga da fitar kuɗi gida biyar: harkar yau da kullum, zuba jari, samar da kuɗi, harajin riba, da harkokin da aka dakatar. Dole a nuna ribar harkar yau da kullum a layinta, haka ma ribar da ta rage kafin a cire kuɗin ruwan bashi da haraji. Duk wani ma'aunin riba da shugabanni suka ƙirƙira suna faɗa wa masu hannun jari, yanzu sai an bayyana shi cikin bayanan rahoto, an daidaita shi da alƙaluman da ƙa'ida ta sani.

Ku fara da jerin lambobin asusu da ke cikin manhajarku. Ku bi su ɗaya bayan ɗaya, ku rubuta gidan da kowanne zai shiga. A nan ake gano matsala. Asusu ɗaya mai suna "sauran kuɗin shiga" yakan haɗa ruwan ajiyar banki, da ribar sayar da tsohuwar mota, da ribar canjin kuɗin waje. Ruwan ajiyar zai tafi gidan zuba jari. Ribar canji kuwa tana bin abin da ya haifar da ita: ta bashin banki ta tafi gidan samar da kuɗi, ta kuɗin da ake bin kwastoma ta zauna a harkar yau da kullum. In ba a raba asusun tun farkon shekara ba, sai an koma ana tsintar dubban shigarwa da hannu. Banki da kamfanin da sana'arsa zuba jari ce suna da nasu tsarin rabawa daban. Kada kuma ku manta, tun kafin ƙa'ida ta fara aiki, IAS 8, ƙa'idar da ta shafi sauya manufofin akanta, ta ɗora muku bayyana cewa tana tafe da tasirin da kuke hasashe.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce. Idan za a fara aiki da sabuwar ƙa'ida, mene ne bambancin komawa baya gaba ɗaya da komawa baya mai rangwame?

Amsa: 'Yar'uwa, a na farko ana sake lissafin shekarun baya kamar da can da sabuwar ƙa'idar ake aiki. A na biyu ba a taɓa alƙaluman bara. Ana tattara bambancin a zuba shi cikin ribar da aka tara, a ranar farko ta shekarar da aka fara. Ba kamfani ne ke zaɓar wa kansa ba, sai ƙa'idar ta ba da dama. IFRS 15 ta kuɗin shiga a 2018 da IFRS 16 ta haya a 2019 sun ba da zaɓin.

Duba IFRS 16 da kyau, don ita ce ta fi nuna yadda ƙa'ida ke juya alƙaluma. A ce kamfani ya kama hayar sito na shekara 5, yana biyan 100,000 a ƙarshen kowace shekara, ruwan da zai ci bashi a kai kashi 10 cikin ɗari. A da, 100,000 kawai ake rubutawa duk shekara. Yanzu za a shigar da bashi na 379,079 da kadara mai daraja daidai da haka. A shekarar farko ragin darajar kadarar 75,816 ne, ruwan bashin 37,908, jimla 113,724. A shekara ta biyar jimlar ta sauko 84,907. Kuɗin da ke fita daga aljihu bai canza ba, amma riba ta ragu a farko, bashi kuma ya bayyana a inda babu shi. Ƙa'idar ta yarda a bar hayar da ba ta wuce wata 12 ba da ta ƙananan kaya irin su kwamfutar hannu a tsohon tsari. Wahalar da aka fi sha ita ce tattaro yarjejeniyoyin, musamman hayar da ke ɓoye cikin kwantiragin sufuri ko na ajiya.

Tambaya: Malam, me zai hana mu bar wa odita ya yi mana canjin?

Amsa: Ɗan'uwa, odita ba ya binciken aikin da shi ya yi da hannunsa, shirya rahoto nauyin shugabannin kamfani ne. Abin da ya dace shi ne ku rubuta matsayarku kan kowane hukunci, kamar adadin ruwan da kuka zaɓa ko tsawon hayar da ake iya sabuntawa, ku nuna masa tun kafin rufe shekara. Ku zauna da bankinku ma da wuri. Idan yarjejeniyar rance ta ƙayyade iyakar bashi ko ƙarancin riba, sabuwar ƙa'ida na iya sa ku karya sharaɗin alhali ba ku ci sabon bashi ba, don haka a rubuta a fili da wace ƙa'ida za a auna shi.