Amsa ga mai tambaya kan bikin fina-finan gaskiya

Malam, ka tambaya me bikin fina-finan gaskiya, wato masu nuna abin da ya faru a zahiri, zai tsinana wa talakan ƙauye, tunda a manyan birane ake yin sa. Ba ka yi ƙarya ba. Bikin fina-finan haƙƙin ɗan Adam na birnin Janiba, a Suwizalan, an fara shi a 2003, kuma da gangan ake sa shi a watan Maris, lokacin da majalisar kare haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke zama a garin. Wato a kai kukan ƙofar masu yanke hukunci. Bayan an nuna fim, a zauna muhawara da 'yan jarida da lauyoyi, wani lokaci har da wanda abin ya shafa. A Legas ma akwai bikin fina-finan gaskiya mai suna iREP.

To amma mu nan yankin Haɗeja, wa ya gani? Ambaliyar 2022 na ga wani dattijo tsaye cikin gonarsa, ruwa har ƙugu, yana lalubo zangarniyar shinkafa da ta riga ta ruɓe. Yara suka ɗauke shi a waya, aka yi ta yawo da hoton kwana biyu, shi ke nan. Da wani ya zauna da shi wata guda, ya bi diddigin ina tallafin ya maƙale, da fim ne da za a iya kai wa irin waɗancan wurare.

Ni abin da ke damuna, ba a dawo mana da fim ɗin. Iyayenmu sun kalli majigi a ƙofar fadar dagaci. Farin ƙyalle, janareta, fassarar Hausa, bayan sallar isha'i. Me ya hana yanzu?