Hitar MGB Ta Ƙi Ɗumama Mota: Ina Matsalar Take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Ingila, kuma na sayi tsohuwar mota ƙirar MGB samfurin 1970, mai rufin tanti. A allon gaban direba akwai maɓallan murɗawa guda biyu da wani makunni na fanka. Na murɗa su ta kowace fuska amma iska mai sanyi ce ke fitowa, gilashin gaba kuma ya riƙa yin tururi har ba na ganin hanya. Abin mamaki, da lokacin zafi ƙafafuna ke gasuwa alhali komai a kashe yake. Yaya waɗannan maɓallai suke aiki, kuma ta ina zan fara dubawa?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, Alhaji, ka sayi motar da ta cancanci a kula da ita. An ƙera MGB a garin Abingdon, kusa da Oxford, daga 1962 zuwa 1980, an fitar da sama da rabin miliyan, shi ya sa har gobe kayan gyaranta ba sa wahalar samu a inda kake.

Abin da ya rikita ka shi ne ka saba da motar zamani, inda za ka danna lamba 22 kwamfuta ta yi sauran aikin. A MGB babu mai yi maka tunani. Ayyuka uku ne daban-daban, kowanne da abin da ke sarrafa shi: shigar ruwan zafi cikin hita, shigar iska daga waje, da kuma inda iskar za ta fita. Idan ɗaya ya tsaya, murɗa sauran biyun ba zai amfane ka da komai ba.

Mu fara da zafin kansa. Hitar ba ta amfani da lantarki wajen samar da ɗumi, aron zafin inji take yi. Buɗe bonet ka duba can baya, dab da gilashi, za ka ga baƙin akwatin ƙarfe na kamfanin Smiths. A cikinsa akwai ƙaramin lagireto, tiyo biyu na roba suna haɗa shi da inji, ɗaya ya kai ruwa ɗaya ya dawo da shi. Ruwan da ke sanyaya inji, shi ne yake bi ta nan da zafinsa, iska ta ratsa ta ɗauki ɗumin ta shiga cikin mota.

Maɓallin farko, mai alamun kashewa da ɗumi da zafi, ba ya taɓa iska ko kaɗan. A bayansa akwai wayar ƙarfe mai zamewa cikin kube, irin wayar birkin keke, ta ratsa bangon da ke tsakaninka da inji ta je ga wani ƙaramin famfo da ke manne a kan injin ta gefen dama. In ka murɗa maɓallin, wayar ta ja hannun famfon ya buɗe, ruwa ya wuce. Iyakar aikinsa ke nan. To, motar da ta haura shekara 50, sau da yawa ƙaramar ƙusar da ke riƙe da wayar ta saki, sai maɓallin ya riƙa juyawa a hannunka lami lafiya amma famfon yana nan inda aka bar shi tun zamanin mai motar na baya. Ka sa wani ya murɗa daga ciki, kai kuma ka tsaya a kan injin kana kallon hannun famfon. In bai motsa ba, ko ya ɗan gusa ya tsaya, ka gano rabin matsalarka. Gyaransa ba wuya: sassauta maƙalar, mayar da maɓallin kan alamar kashewa, tura hannun famfon da yatsa har ya rufe ruf, sannan ka ɗaure.

Wannan famfon ina so ka sa masa ido sosai, domin wurin da aka ɗora shi bai yi ba sam. A saman distiributa yake zaune. Cikinsa akwai faifan roba da ke tsagewa in ya tsufa, ruwa ya fara ɗiga kai tsaye a kan abin da ke raba wuta ga fulogogi. Sai mota ta fara tari tana fizga, mutum ya yi ta kashe kuɗi a kan kafireto da fulogi, alhali ɗigon ruwa ne. Idan ka ga farin busasshen tabo ko kore-kore a jikinsa, kada ka jira, canja shi.

Maɓalli na biyu shi ma waya yake ja, amma tasa tana zuwa ga wani marfi da ke ƙarƙashin akwatin hitar. Matsayi uku gare shi: a rufe, zuwa ƙafafu, zuwa gilashin gaba. Idan ka juya shi wajen gilashi, iskar ta bi ta bututu biyu ta fita ta siraran tsagogin da ke gindin gilashin. Waɗannan bututun suna yawan zamewa a bayan allo. Zura hannu ta ƙasa ka lalluba. In ɗaya ya fice daga mazauninsa, iskar da ya kamata ta share maka tururi tana can tana hura wayoyi.

Iskar kuma daga ina? Daga tagar nan mai raga da ke tsakanin bonet da gilashi. Idan mota tana gudu, iska na cusa kanta ta nan ba tare da taimakon komai ba. Fankar ƙari ce kawai, don lokacin da kake tsaye ko kana tafiya a hankali cikin gari, kuma a irin samfurinka gudu ɗaya gare ta, ko a kunne ko a kashe. Mutane da yawa suna kunna ta suna jiran ɗumi, amma in famfon ruwa a rufe yake, sanyi za ta ƙara musu.

Akwai kuma abu na huɗu da ba ka ambata ba, ina ma zargin ba ka san da shi ba. A ƙarƙashin allo, bayan inda rediyo da lasifika suke, akwai wata ƙofar iska mai ɗan hannu da ake ja. Ita tana shigo da iskar waje tsagwaronta, ba ta bi ta hita. Don lokacin zafi aka yi ta. In mai motar na baya ya bar ta a buɗe, ko robar bakinta ta mutu, to ko da hitar na aiki yadda ya kamata sanyi zai rinjaye ta. Sai daga samfurin 1972 aka ƙara tagogin iska a tsakiyar allo daidai fuska, don haka kada ka neme su a taka.

Ga yadda ni zan bi ta. Tayar da inji ya ɗumama sosai, buɗe maɓallin zafi har ƙarshe, sannan ka taɓa tiyo biyun nan a hankali, ka kuma nisanta hannu da riga daga fankar inji. Idan duka biyun da sanyi, ruwa ba ya zuwa: famfo ne, ko ruwa ya yi ƙasa, ko iska ta maƙale a ciki bayan an canja ruwan inji. Idan ɗaya na ƙuna ɗaya kuma da sanyi, ƙaramin lagireton ya toshe da tsatsa. Bari inji ya huce, cire tiyo biyun, sa tiyon ban-ruwa ta bakin fita ka kora da ruwa mara ƙarfi. Za ka ga jan ruwa mai kauri yana fitowa. Ci gaba har ya yi fari. Idan kuwa duka biyun da zafi amma ciki shiru, ruwa ba shi da laifi, ka koma kan iska. A nan sau da yawa soson da aka liƙa kewaye da ƙaramin lagireton ne ya rududduge, iska ta samu hanya ta gefe tana wucewa ba ta ɗauki zafi ba. Kada ka taɓa buɗe murfin lagireto inji na da zafi.

Kada kuma ka manta da tamostat, abin da ke hana ruwa zagayawa babban lagireto sai inji ya kai zafin aikinsa. Ana samun mai digiri 74 da 82 da 88 a ma'aunin Salshiyos. A gida mun saba bakanike ya zare shi ya jefar wai don kada mota ta yi zafi, al'adar da ban taɓa yarda da ita ba ko a Sakkwato, balle a hunturun Ingila. In allurar zafi ba ta tashi zuwa tsakiya bayan tafiya mai ɗan nisa, ko dai babu shi, ko ya maƙale a buɗe. Mai 82 ya wadatar da yawancin masu irin motarka.

Batun tururi: juya zuwa gilashi, zafi har ƙarshe, kunna fanka, sannan ka ɗan buɗe ƙaramin gilashin nan mai kusurwa uku na jikin ƙofa, domin iska mai laima ta samu mafita. Amma ka ɗaga kafet ka taɓa ƙasa. Akwatin da tagar iska ke zubawa ciki yana da bututun tsiyayar ruwan sama a ƙasansa, ganye na toshe shi, ruwa ya taru ya malalo cikin mota, ya kuma cinye ƙarfe a wurin da walda ke da wahalar kaiwa. Idan kuwa tururin yana da maiƙo da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, ƙaramin lagireton ne ke yoyo. Wannan ruwan guba ne, kada ka yi ta shaƙarsa.

Gasuwar ƙafa da zafi kuwa, ka fara tabbatar famfon na rufewa ruf. Bayan haka, sauran halin motar ne: kana zaune ƙasa-ƙasa, ƙafafunka a miƙe kusa da giyabos, salansa kuma na bi ta ƙarƙashin ɓangaren hagu. Toshe ramukan bangon inji da robobinsu suka faɗi, ka shimfiɗa abin tare zafi ƙarƙashin kafet, za ka ji bambanci. Ramukan nan ba zafi kaɗai suke shigarwa ba, har da hayaƙi.

Duk wannan bayanin na mota mai ruwa ne. Idan wani mai karatu yana da tsohuwar Porsche 911 mai sanyaya inji da iska, ko Volkswagen Beetle irin wadda aka taɓa harhaɗawa a Legas, tsarinsu daban ne. Su iskar ɗumi tana bi ne ta cikin kwanon da aka lulluɓe bututun salansa da shi. In tsatsa ta huda bututun, iskar guba mara launi mara wari za ta shigo tare da ɗumin. Wanda ya ji ciwon kai ko barci na fizgarsa bayan ya buɗe hita a irin waɗannan, ya rufe ta nan take, ya sauke gilasai, kuma kada ya sake buɗe ta sai bakanike ya duba.