Masu auna karatu za su zo raudarmu, in ɓoye yaran da ba su iya ba?

Tambaya: Ina koyarwa a wata rauda, wato makarantar ƙananan yara kafin firamare, a Gadarif ta ƙasar Sudan, yawancin yarana Hausa suke ji a gida. An ce masu auna karatu za su zo. Mudira, shugabar makarantar, ta ce mu duƙufa bitar alif-ba-ta, ranar kuma a bar masu rauni a gida. Hankalina a tashe yake, kada a ce ban iya aiki ba.

Amsa: Ustaza, kwantar da hankalinki, kuma kada ki bar kowa a gida. A irin wannan ziyara daga rajista ake tsamo sunaye, kuma matsayin ajin ake nema, ba wanda ya ci ko ya faɗi ba. Gwajin IDELA na ƙungiyar Save the Children, wanda ke auna ci gaban ƙananan yara, misali, kusan rabin awa yake ɗauka da yaro ɗaya: ya zana mutum, ya yi langa, ya ƙirga, ya saurari ɗan labari ya amsa, ya faɗi sunayen abokansa. Wanne za ki haddace masa a ciki?

Bitar nan ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Duk raudar da na shiga sai a tayar da yara su rera harufa 28 da ƙarfi har kwanon rufi ya amsa, mudira na murmushi. Sai in ja yaro ɗaya gefe, in ɗora yatsa a kan jim, in ce wannan fa? Shiru. Ko ya koma alif yana rerowa a ransa har ya iso wurin. Waƙa ya iya, harafi bai sani ba. Harufan ba, ta da sa jikinsu ɗaya, ɗigo ne ya raba su: ɗaya a ƙasa, biyu a sama, uku a sama. Ain kuwa kamarsa a farkon kalma daban, a tsakiya daban, a ƙarshe daban. Wane rerawa ne zai koya wa ido wannan? Malamanmu na halwa, wato makarantar allo, ma ba sa kai yaro farfaru sai ya bi babbaƙu da tsinke a kan allo, ɗaya bayan ɗaya. Mu da muke da takardar shaida ne muka koma baya.

Kuma ga masu darasin kuɗi suna bin gidaje, wai ɗan shekara 4 zai karanta littafi cikin wata guda. Ƙarya ce. Iyaye su biya, yaro ya sha bulala, ya shiga aji ɗaya a shekara 6 yana ƙin takarda. Ku masu darasin nan, ku ji tsoron Allah, amana ce a hannunku.

Ki roƙi masu zuwa su yi wa yara bayani da Hausa, ko su zo da mai ji. Yaron da ya yi tsit gaban baƙo mai Larabci ba daƙiƙi ba ne. Ce masa ya ba ki tatsuniyar Gizo ki ji. Ki kuma nuna musu waɗanda yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya koro daga Khartum ko Madani, su rubuta wata nawa kowa ya yi ba makaranta.

Kafin ranar, ki yanka kwali ki rubuta harufa, ki cakuɗa su, kowane yaro ya tsamo na farkon sunansa. Ki karanta musu labari kina bin layi da yatsa daga dama zuwa hagu, ki tsaya ki tambaye su me zai faru.