Me ke sa sunan alƙali ya wanzu bayan ya bar kujera?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a fannin shari'a. Kullum ana karantar da mu hukunce-hukuncen wasu alƙalan manyan kotuna da suka daɗe da mutuwa, alhali dubbai irinsu sun hau kujera sun sauka ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba. Me ya bambanta su? Ilimi ne, ko daɗewa a kujera, ko halin kirki?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama, Allah ya ba da sa'ar karatu. Kowanne cikin ukun yana da nasa tasirin, amma akwai abin da ya riga su. Alƙalin babbar kotu dole ya rubuta hujjarsa, kuma kotunan da ke ƙasa da shi kan ɗora a kanta. Masu shari'ar su mutu, dukiyar da ake rigima a kanta ta ƙare, hujjar nan tana cikin kundi, lauyoyi suna ɗauko ta. Da ita ake tuna alƙali, musamman wadda ya rubuta ranar da faɗin gaskiya zai iya cin kujerarsa.

Daɗewa tana taimakawa. John Marshall ya shugabanci Kotun Ƙolin Amurka daga 1801 zuwa 1835, kuma a shari'ar Marbury ta 1803 ya kafa cewa kotu tana da hurumin ƙin aiki da dokar da ta saɓa wa kundin tsarin mulki. Shekaru 34 sun ba shi damar tsayar da kotun da ƙafafunta.

Wasu kuwa rasa kujerar ce ta fito da su. A 1616 Sarki James na Ingila ya tara alƙalansa, ya tambaye su ko za su dakatar da shari'a idan ya umarce su. Duk suka yi mubaya'a ban da Edward Coke, wanda ya amsa cewa idan lokacin ya zo zai yi abin da ya dace da alƙali. Kafin shekarar ta fita an tuɓe shi. Sai a 1701 majalisa ta yi dokar da ta hana sarki korar alƙali don ya ga dama.

Wanda na fi so ki tsaya a kansa shi ne Mai Shari'a H. R. Khanna na Indiya. A 1975 gwamnatin Indira Gandhi ta kafa dokar ta-ɓaci, aka cika gidajen yari da 'yan adawa ba tare da an gurfanar da su ba. Magana ta kai Kotun Ƙoli: mutumin da aka tsare, yana da ikon zuwa kotu ya nemi a nuna masa dalilin tsare shi? A 1976 alƙalai biyar suka zauna, huɗu suka ce ƙofar kotu a rufe take har sai an ɗage dokar. Khanna shi kaɗai ya tsaya kan cewa hukuma ba ta da ikon taɓa rai ko 'yancin mutum sai da izinin doka, da ta-ɓaci ko ba ta-ɓaci. Shi ne ke kan layin zama Alƙalin Alƙalai, kuma ya san abin da zai biyo baya. A watan Janairun 1977 aka tsallake shi aka naɗa M. H. Beg, wanda ke bayansa, shi kuwa ya ajiye aiki. Bayan shekaru 41 da yanke hukuncin, a 2017, zaman alƙalai tara na wannan kotun ya yi watsi da hukuncin masu rinjayen, ya bayyana cewa Khanna ne ke kan daidai. Cikin waɗanda suka rubuta hakan har da D. Y. Chandrachud, ɗan ɗaya daga cikin alƙalai huɗun nan. Shi ya sa nake ce wa ɗalibai kada su tsallake ra'ayin marasa rinjaye don jarrabawa ba ta cika tambayarsa ba. John Harlan na Kotun Ƙolin Amurka ma shi kaɗai ya ƙi yarda da dokar raba baƙar fata da farar fata a jirgin ƙasa a 1896, kotun ba ta juya wa wariyar baya ba sai a 1954.

Batun halin kirki ne ya fi wuyar warwarewa, don rayuwar alƙali da hukuncinsa ba kullum suke tafiya tare ba. Dubi Lord Mansfield, babban alƙalin Ingila daga 1756 zuwa 1788. A gabansa aka kawo maganar James Somerset, bawan da ya gudu wa ubangidansa a Landan, aka kamo shi aka jefa a jirgin ruwa mai shirin tashi zuwa Jamaika don a sayar da shi. A 1772 Mansfield ya yanke cewa bauta abar ƙyama ce da ba ta da madogara sai in doka ta fito ƙarara ta halatta ta, kuma babu irin wannan doka a Ingila. Aka saki Somerset. A gidan wannan alƙali ne Dido Belle, jikar 'yar'uwarsa wadda mahaifiyarta baiwa ce, ta tashi. Amma a 1783 shari'ar jirgin Zong ta zo gabansa. Matuƙan jirgin sun jefa 'yan Afirka sama da 130 cikin teku da ransu, masu jirgin suka zo neman diyyar inshora, Mansfield kuma ya saurari ƙarar a matsayin rigimar kayan fatauci. Ba a hukunta kowa kan kisan ba. A ganina duk wanda ya karantar da Somerset ya ɓoye Zong ya ci amanar ɗalibansa.

Roger Taney ya fi wannan muni. Yana matashi ya 'yanta bayin da ya gada, ya kuma yi shekaru 28 yana shugabancin Kotun Ƙolin Amurka, ilimi ba a cewa komai. Yau da abu ɗaya ake tuna shi: shari'ar Dred Scott ta 1857, inda ya rubuta cewa baƙar fata ba zai taɓa zama ɗan ƙasar Amurka ba. Bayan shekaru huɗu yaƙin basasa ya ɓarke, kuma sai da aka gyara kundin tsarin mulki a 1868 kafin a share abin da ya rubuta.